Ƙusar Auta

Baba yana tsaye a kan kujerar roba yana goge gilashin hoton Yaya Likita da hannun rigarsa, sai ga Auta ta yi sallama rungume da wata baƙar leda. Kujerar tana ta rawa a ƙarƙashinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

"Baba, sauko mana kafin ƙafar nan ta sake tashi."

"Ƙafar tawa ce ko taki?" Ya hura wa gilashin iska, ya ƙara gogewa.

Hotuna biyu ne a bangon falon. Na dama Yaya Likita ce, babbar 'yarsa, na hagu kuma ɗansa, Yaya Injiniya. Dukansu suna sanye da shuɗiyar rigar kammala karatu ta babbar jami'ar nan da ko sunanta aka ambata sai Baba ya gyara zama. Kusa da su akwai ƙusa ta uku. Baba ya kafa ta da hannunsa a shekarar da Auta ta gama sakandare, ya ce nan ne wurinta. A shekarar ce kuma ciwo ya kwantar da Mama. Yayyen suna can nesa wurin karatu, sai Auta ta ajiye takardunta ta kama jinya, har ranar da aka fita da Mama daga gidan. Kafin ta ɗago kai sa'o'inta sun yi mata nisa. Ta koyi ɗinki. Ƙusar kuwa ta zama maratayar hular Baba.

Auta ta buɗe ledar, ta zaro wata koriyar riga, ta shimfiɗa ta a kan kujera.

"Ranar Asabar za a yaye mu, Baba. Na gama. Digiri ne cikakke, irin na kowa."

Baba ya sauko a hankali. Ya murza yadin da yatsu biyu kamar mai shirin taya kaya.

"Kore?"

"Launin makarantarmu ke nan."

"Makarantarku." Ya juya kalmar a bakinsa. "Wadda kuke shiga bayan yara sun tashi?"

Ba ƙarya ya yi ba. Kwalejin yamma ce, tana aron azuzuwan wata firamare. Can Auta ta shafe shekaru tana zuwa bayan ta rufe keken ɗinki, tana zama a bencin yara gwiwoyinta suna dukan ƙasan tebur.

Baba ya shiga ɗakinsa. Ta ji ƙarar murfin akwati. Ya fito ɗauke da shuɗiyar rigar Yaya Injiniya, tana ta ƙamshin kafur.

"Ga wannan. Ke tela ce, ki rage ta daidai jikinki. In kun gama naku can, sai mu je wurin mai hoto da ita."

"Baba, ai ni ban yi can ba."

"Wa zai tambayi bango?"

"Ni zan riƙa ganinsa kullum."

Baba ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke damunsa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, rayuwata duk a masinja ta ƙare. Takardun masu neman aiki ni nake ɗauka daga ƙofa in kai ciki. Manyan nan ba sa karanta sunan mutum, sunan makaranta suke dubawa. In ta babba ce, a ɗora a tebur. In irin taku ce, a tura ƙarƙashi da ƙafa. Kin san wa yake kwashe na ƙarƙashin idan an tashi? Ni. Na yi rantsuwa ba za a tura na 'ya'yana da ƙafa ba."

"To, in na sa koriyar fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi hularsa a jikin ƙusar.

"Sai hula ta ci gaba da zamanta."

* * *

A shago, Uwarɗaki, wadda ta koya wa Auta ɗinki, ta ɗaga shuɗiyar rigar sama, hannayen suka zubo har ƙasa.

"Wannan kuma ta wane dogo ce? Ko tanti aka kawo mana?"

Auta ta ba ta labari a taƙaice, idonta a kan allura. Uwarɗaki ta saki rigar ta kama haɓa.

"Yau ga abin mamaki! Ke da na ga kina cin abinci da littafi a cinya? Zanen aro dai ba ya rufe katara, 'yata."

"Baba ya tsufa, Uwarɗaki. Kuma ƙusar nan ta daɗe tana jira."

Wayarta ta yi ƙara. Yaya Injiniya ne.

"Autar Mama! An ce kin zama farfesa a jami'ar bayan la'asar." Ya yi dariya shi kaɗai. "Kai, wasa nake yi, na taya ki murna. Ji mana, rigar nan kar ki sa mata almakashi. Ki naɗe kawai, ina son ta dawo yadda take."

"To, Yaya. Za ka samu zuwa ranar Asabar?"

"Asabar? Ina da wani zama mai muhimmanci. Ai ƙaramin taro ne, ko? Ki turo hoto."

Ta ajiye wayar. Ta naɗe hannayen rigar ciki, ta kalmashe gindin, ta bi su da farin zare, ɗinki mai faɗi wanda za a iya warwarewa da ja ɗaya. Shuɗin zare yana nan cikin kwandon kusa da hannunta. Ta dube shi, ba ta ɗauka ba.

Can sai wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin shagon. Malam Direba ne, ɗan ajinsu, wanda gemunsa ya riga ya yi fari. Shi ma tasa koriyar ya kawo a saka masa maɓalli.

"Shugabar aji! A gyara mini ita ta zauna cif. Jikokina sun ce in ban yi kyau ba ba za su tafa ba." Idonsa ya faɗa kan shuɗiyar. "Au, har kin sauya sheƙa ba mu sani ba?"

"Aikin wani ne," in ji Auta.

Uwarɗaki ta harare ta, ta karɓi koriyar ta shiga neman maɓalli.

* * *

Ranar Asabar Baba ya tashi da ciwon ƙafa. Ya ce ta je kawai, Allah ya sa albarka.

An jera kujerun roba a filin firamaren, ƙarƙashin rumfar haya. Lasifika tana ɗaukewa tana dawowa. Masu kore sun zauna a gaba: mai gadi, da ungozoma, da wani mai gyaran firji da ya makara ya zo da baƙin mai a farcensa. Da aka kira Malam Direba, jikokinsa suka hau kan kujeru suna ihun "Kaka! Kaka!" Shi kuma ya tafi yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe, kowa yana dariya, wasu suna share ido.

Da aka kira Auta aka ce ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ta miƙe. Ta san babu kowa a kujerar da ta ɗora jakarta a kai don ta kama wa Baba wuri, amma sai da ta waiwaya. Uwarɗaki ce kawai can baya tana kaɗa mayafi.

Kafin a watse aka sanar cewa a mayar da riguna, domin 'yan wani reshen kwalejin za su sa su gobe. Auta ta cire tata, ta ninke ta yadda take ninke kayan amare, ta miƙa. Sai da ta kai bakin titi ta tuna ko hoto ɗaya ba ta ɗauka da ita ba.

A gida ta tarar da Baba a tsaye a ƙofa, cikin kayansa na fita, ya sha guga, har da turare. Shuɗiyar rigar tana rataye a hannunsa.

"Ƙafar fa, Baba?"

"Ta yi sauƙi. Mu je kafin ya rufe."

Mai hoto ya tsayar da ita gaban wani labule da aka zana wa littattafai. Rigar ta yi mata nauyi a kafaɗa. Baba yana gefe yana ba da umarni, a ɗaga mata haɓa, a gyara mata hular digirin.

"Hajiya, ɗan murmushi mana," in ji mai hoto. "Wannan makaranta ai ba kowa take ɗauka ba."

Ta dubi Baba. Fuskarsa tana haske irin wanda rabonta da gani tun Mama tana da rai. Ta yi murmushin.

* * *

Bayan 'yan kwanaki hula ta koma kan tebur, hoto ya hau ƙusa.

Wani tsohon abokin aikin Baba ya zo gaisuwa da hantsi. Ya tsaya gaban bangon, hannayensa a baya.

"Ikon Allah! Har da Autar? Ashe duk ukun can suka yi?"

Auta tana shigowa da ruwa a faranti. Ta tsaya cak. Baba ya dube ta, ta dube shi. Ya kawar da kai.

"To, ka dai gani," ya ce.

"Kai, ka yi ƙoƙari. Ba irin yaran yanzu ba da suke zuwa makarantun bayan gida su ce wai sun yi digiri."

Baba ya yi tari. Auta ta durƙusa ta ajiye ruwan, ta gaishe da baƙon, ya sa mata albarka, ta ce amin.

Da suka fita rakiya, ta ɗauko shuɗiyar rigar ta zauna a falon. Ta kama bakin farin zaren ta ja. Ɗinkin ya warware tun daga kafaɗa har wuyan hannu, hannayen rigar suka sake zubowa, dogaye, na mai su. Ta ninke ta, ta mayar cikin akwatin Baba, ta rufe. Takardar shaidarta tana can cikin aljihun keken ɗinki, tare da alli da ma'auni. Har yanzu babu wanda ya ce ta kawo a gani.

Ta dawo ta tsaya gaban bangon. Riguna uku, duk shuɗi. Ta matsa kusa har numfashinta ya dusashe gilashin, ta goge shi da gefen mayafinta. A can ƙasan hoton, daidai wuyan hannunta na hagu, wani ɗan farin zare ya leƙo daga cikin shuɗin. Mai hoto bai lura da shi ba, Baba ma haka. Ta ɗora yatsa a kansa, ta daɗe a tsaye, har ta ji takun sandar Baba yana dawowa.