Dutsen Kabarin Ma Verna

Shekara goma sha ɗaya Osbert yana cewa sai baɗi, yau dai ga shi a jirgin ruwan da ya taso daga Grenada, dutsen kabarin mahaifiyarsa na gefen ƙafarsa naɗe cikin farin zane. A tsibirinsu na Carriacou, mamacin da ba a kafa wa dutse ba bai gama tafiya ba, yana nan yana zagaya gida. Osbert ya daɗe yana tuƙa bas a Brooklyn yana cika baki wai shi ya wuce yarda da irin wannan. Ƙarya yake. Shekara biyu ke nan mahaifiyar tasa, Ma Verna, tana zuwar masa a mafarki, ba ta cewa uffan, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana matse gefen rigarta, ruwa na ɗiga.

Da jirgin ya matso garin Hillsborough sai ya ga tsibirin ya ƙanƙance masa. Tuddai sun bushe ƙayau, awaki na rakuɓe a gindin katanga, ga warin gishiri da ɗanyen kifi yadda ya bar shi. Ya dinga leƙa fuskokin mutane. Ya ga hancin malaminsu na firamare a fuskar mai ɗaure igiyar jirgi, ya ga tafiyar wata maƙwabciyarsu a jikin mai tallar kifi, amma duk masu ainihin kamannin sun riga mu gidan gaskiya. Ji ya yi kamar matattu ne suka fito tarbarsa.

Tanti Ismay, ƙanwar mahaifiyarsa, tana tsaye da sandarta. Ba ta rungume shi ba.

"Kai ne ka yi tumbi haka? Lallai Amurka ta karɓe ka," in ji ta. "Dutsen ke nan? Ɗauke shi a hankali, ba buhun masara ba ne."

A gida ta miƙa masa kwalbar barasa da kofin ruwa. Ya bi kusurwa huɗu na tsakar gida yana zubawa yana kiran sunayen kakanni. Biyu sun ɓace masa, ta cika masa su tana tsaki. Suka kwantar da dutsen a gadon Ma Verna, inda zai jira safiyar kafa shi.

"Tanti, mu je in ga kabarin mana, in san yawan simintin da za a kwaɓa."

Ta dubi ƙafafunsa.

"To, cire takalman gayun nan, ka sa gajeren wando."

Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, ya bi umarni kawai.

Maƙabartar Tibeau a bakin teku take. Ranar jana'iza, ya tuna, sai da suka ratsa layi-layi na kaburbura da wani kurmin bishiyoyi kafin ƙafa ta taɓa rairayi. Yau bishiyoyin sun zama kututture a cikin ruwa. Kaburburan siminti sun karkace, wasu sun kife, igiyar ruwa na shiga tana fita ta cikinsu. Wani gicciye na tsaye can nesa, kansa kaɗai ake gani.

"Ina take?" ya tambaya.

Ta ɗaga sanda ta nuna teku.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ce maka ka zo. Sau nawa? Ka ce aiki, ka ce yara, ka ce gwiwa. In na ce teku ta ci uwarka, da ka ce to shi ke nan, ba sai ka zo ba. Ni na goya ka, Osbert, na san halinka."

Kunya ta rufe shi, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya waiga ya ga fili busasshe a kan tudu, ya ce ko a kafa dutsen a can, ai sunanta na jiki.

"Dutse a kan mai shi ake kafawa, daidai inda kanta yake. Ka kafa a tudu ka koma, ka ga ko za ta bar ka ka yi barci."

Sai ya shiga ruwan. Yana da ɗumi, rairayi na zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ruwa ya kai masa idon sawu, ya juyo.

"Nan ne bakin ruwa bara," Tanti Ismay ta ɗaga murya. "Yi gaba."

Ya kai gwiwa. Yatsunsa suka taɓa gefen wani siminti mai santsi.

"Wannan na Mista Cudjoe ne, kada ka taka shi. Teku ta ɗauke shi ne shekarar da ka ce za ka zo da Kirsimeti."

Ya kauce, ya ƙara taku, hawaye na bin kuncinsa, bai ma share ba. Ruwa ya wuce ƙugu, ya fara ɗaga shi yana saukewa. Da ya kai masa ƙirji ya tsaya, ya juyo ya hango tsohuwar ta zama 'yar mitsitsiya a bakin gaɓa.

"Tanti, nan?"

Ta kare idonta da tafin hannu, ta auna shi da kututturen bishiya.

"Da saura," in ji ta.