Juye Kawai Na Kai Ta

Daren jiya na yi wani mafarki wanda ya gajiyar da ni fiye da shekaru talatin da biyar da na yi ina akawu a ofishin rajista, alhali kuwa a kwance na yi shi.

Ya kamata in fara da bayyana asalin lamarin. Ina da wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, wadda na saya a hannun wani likita baƙo da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. A iya sanina babu irinta a garinmu. Shekara ashirin da biyu mutum ɗaya ne ke taɓa ta, wato Mato Bakanike, shi kuwa bana idanunsa suka yi rauni ya koma ƙauye. Ga lokacin juyen baƙin mai ya wuce da wata biyu, ga shi ranar Asabar za mu Haɗeja sunan jikarmu. Mai ɗakina Ladidi ta riga ta sanar da ni, cikin ladabi, cewa idan motar ta tsaya da mu a daji za ta sauka ta shiga ta haya, kuma ba za ta ƙara zama a kujerar gefena ba. Ni kuwa ban taɓa yin doguwar tafiya ba tare da tana kan kujerar nan ba, ba ni kuma da niyyar farawa da tsufana.

Da wannan tunani na kwanta, sai na tsinci kaina ina tuƙi da hantsi a wani gari da ban sani ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, mutane na tafe kowa ya kifa lemarsa wajen ƙafafunsa. Abin da ya dame ni kawai shi ne kada ruwan ya shiga salansar motar. A bakin garin akwai wani allo na hukuma da aka rubuta cewa an hana kowa faɗin "ban sani ba" a cikin wannan gari. Na duba na ga yana ɗauke da hatimi da lambar fayil yadda ya kamata, don haka ban ga abin ƙorafi ba.

Garejin farko na wani ne da ake kira Oga Sallau, mutum mai sifana uku a aljihun gaba kamar alƙaluma. Tun kafin in kashe mota ya shaida mini cewa ya san ta ciki da waje, yanzun nan ma irinta ta fita, kuma a irinta aka kai amaryar babansa. Na ce masa juye kawai nake so. Ya ɗaga murfin gaba, ya tarar da safayar taya da dardumata ta salla. Ya cire hula ya yi mini jaje, ya ce an sace mini inji.

Na ja shi zuwa baya na buɗe masa, domin ita wannan mota a baya injinta yake. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, shekara nawa kana tuƙa ta a haka?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a gareji duk mai mota Alhaji ne. Na ce masa ashirin da biyu.

"To shekara ashirin da biyu da baya kake tafiya. Duk inda ka je, dawowa kake yi."

Na so in kawo masa hujja, amma ya riga ya fara kwancewa. Ya wargaza motar a kan tabarma, ya mai da gaba baya, ya sake haɗa ta. Da ya gama sai ga ragowa a gefe: tulin notuna, da wani bututu mai lanƙwasa, da kujerar baya gaba ɗayanta. Ya ce waɗannan ba su da amfani a nan, masu ƙera ta sun sa su ne saboda sanyin ƙasarsu. Ya zuba mini su a buhu ya ɗaure. Na auna motar da ido na ga ta ragu da kamu ɗaya. Da na tambayi batun juye, ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne, amma akwai ƙaninsa a gaba, wanda ya fi shi sanin ta.

Sai ga ni a gareji na biyu, ban san yadda na zo ba. Nan babu ramin shiga ƙarƙashin mota. Kayar da mota suke yi su kwantar da ita rigingine kamar ragon layya, bakanike ya hau ruwan cikinta. Mai wurin, wani dogo mai suna Jatau, ba ya aiki da zato. Ya durƙusa ya tambayi motar ina ne ke mata ciwo. Motar ta ba shi doguwar amsa da yaren ƙasarsu, wanda babu mai jin sa a wurin, har da ni da na zauna da ita shekarun nan. Jatau ya yi ta gyaɗa kai. Bayan ta yi shiru ya fassara mini cewa ta ce rufinta ya yi mata nauyi.

Na ce ban yi tsammanin abin da ta faɗa ke nan ba, domin na ji kamar ta ambaci sunan Mato sau biyu. Ya ce ai a yarensu haka ake kiran rufi.

Game da matacin mai kuwa, ya ce ba a samun irin nata ko a Legas, amma kada in damu, zai haɗa mata na injin niƙa, tunda duk ƙarfe ɗaya ne. Ya haɗa. Da aka tashe ta tsaye aka kunna, sai ƙamshin tattasai ya cika garejin, nan da nan mata suka yi layi da robobinsu na kayan miya. Sai da na niƙa wa mutum shida kafin na samu na yi musu bayanin cewa ni ba mai niƙa ba ne, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ta bakwai ta ce ai shi ya sa layin ba ya tafiya.

Ragowar wannan karo ta ƙunshi rufin, da ƙofofin biyu, da fitila ɗaya. Buhu ya zama huɗu, aka ɗora su a kan wani jaki wanda daga nan ya riƙa bin mu duk inda muka yi. Motar kuwa ta kai matsayin da in na zauna gwiwoyina na taɓa haɓata. Na leƙa na ga kujerar Ladidi na nan daram, da ɗan matashin da take jingina bayanta, hankalina ya ɗan kwanta. Na sake tayar da maganar juye. Jatau ya zaro ma'aunin mai ya duba, ya ce baƙin wannan mai ya wuce ƙarfin gareji, sai dai kamfani.

Kamfanin gini ne na gilashi, mai sanyi kamar cikin randa, kuma ma'aikatansa duka awaki ne sanye da taye a wuya. Akuyar da ke karɓar baƙi ta yi mini maraba da fara'a, ta nemi sunan motar, ta buga a kwamfuta. Babu abin da ya fito. Ta sake bugawa da ɗaya kofaton, nan ma shiru. Na ga bakinta ya motsa zai faɗi abin da doka ta hana, sai ta haɗiye, ta ce motar sananniya ce ƙwarai a wurinsu, ni ne dai ba na cikin kwamfutar. Ta ba ni takarda mai shafi tara in cika don tabbatar da cewa akwai ni.

Daga teburinta aka tura ni tebur na huɗu, na huɗu ya ce sai na biyu ya sa hannu, na biyu ya fita kiwo. Da ya dawo ya ce a kawo hoto. Na kawo hoto, ya ce ba nawa ba, na motar tana sabuwa. Ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na gane salon sarai, domin da hannuna na yi wa mutane shi tsawon rayuwar aikina, sai dai ni ban taɓa cinye takardar mutum a gabansa ba. Duk wannan lokaci ana ta kawo mini shayi, ta cikin gilashi kuma ina hango jakin nan, buhunansa sai ƙaruwa suke yi.

A ƙarshe aka shigar da ni wurin shugabansu, wani bunsuru mai tabarau da farin gemu, wanda aka rubuta a ƙofarsa Babban Jami'in Gamsar da Abokan Hulɗa. Ya yi mini albishir cewa sun yi wa motata bincike mai mataki arba'in, kuma a kowane mataki sun cire abin da ba ya cikin jerinsu. Ya kai ni bakin wurin aiki, inda aka ja wani jan layi a ƙasa, ya nuna mini ita. Abin da ya saura shi ne inji, da taya huɗu, da sitiyari, da kujerar Ladidi. Na tambayi inda tawa kujerar take. Ya ce direba ba ya cikin kayan mota.

Amma dole in faɗi gaskiya, shi kaɗai ne ya fito da mai. Galan ne sabo fil, irin wanda Mato ke zuba mata, har na ji idona ya kawo ruwa. Sai ya buɗe wani littafi mai hoton babbar motar ɗaukar yashi a bangonsa, ya karanto mini cewa mazubar mai tana ƙarƙashin kujerar fasinja, saboda haka sai an cire kujerar. Duk abin da aka cire kuwa, a dokar garin, ya zama ragowa, ba ya komawa.

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa mazubar tana baya, ƙasan inji ta hannun hagu, kuma Mato ko da idonsa ya yi rauni da lalube yake kwance ta. Na ce ya bar ni in nuna masa da yatsa. Ya ce abokan hulɗa ba sa ƙetare jan layi. Na ce to ya juya littafin ya dubi hoton bangon. Ya ce hoto ra'ayin mai ɗauka ne.

Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Ranka ya daɗe, ka ce ba ka san ta ba kawai. Mato ma haka ya ce ranar farko, sannan ya zauna ya koye ta. Daga ni sai kai, ba zan gaya wa kowa ba."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Na ɗauka zai faɗa.

"Malam, na san motar nan tun tana babba."

Ya ɗaga kofato, awaki biyu suka nufo kujerar da sifana a baki. Na tsaya ina auna al'amarin. In na yarda za a yi juyen, motar ta kai Haɗeja lafiya ba tare da wurin zaman Ladidi ba. In na ƙi, kujera na nan, amma za mu tsaya a daji ta sauka. Ta kowace fuska dai ni kaɗai zan isa, ko kuma in kasa isa ni kaɗai.

A tsawon rayuwata ban taɓa taka dokar da aka rubuta ba, ko da ta hana taka ciyawa ce. Na tattare rigata, na ɗaga ƙafa na ƙetare jan layin, na je na zauna a kan kujerar na rungume ɗan matashin. Na ce musu in za su cire ta, sai dai su cire da ni.

Bunsurun bai yi fushi ba. Ya kira taron gaggawa na minti biyu, ya dawo ya karanta mini matsayar da suka cim ma, cewa tunda ina kan abin da za a cire, kuma ba na cikin kwamfuta, ni ma ragowa ne. Ya gode mini da zaɓen kamfaninsu. Aka kawo wani babban buhu aka buɗe bakinsa, jakin ya matso ya juya mini baya. Awakin suka shiga ƙarƙashina suka kama aiki. Notin farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ya cije, suka shiga dukan sa da ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ni kuwa na ƙanƙame kujera ina faɗa musu cewa hagu ake murɗawa, ko da yake ban san dalilin da ya sa nake taimaka musu ba.

Na buɗe ido na ga Ladidi tsaye a kaina, tana buga cokali a bakin kofin shayi. Ta ce rana ta yi, kuma in ba ta manta ba yau ne na ce zan kai mota sabon garejin nan na bakin kasuwa.

Na ce haka ne, amma ta ɗauko mayafinta, tare za mu.

"Ni kuma? Me na sani a gyaran mota?"

"Ba sai kin san komai ba. Ki zauna a kujerarki kawai, kuma ko me suka ce miki, kada ki tashi."