Gangunan Mai a Bayan Gidan Maitama

Daminar da jirgi mai saukar ungulu ya zo feshin auduga a ƙasar Funtuwa, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, ita ce daminar da tuwo ya daina yi wa Maitama daɗi. Ɗansa na fari, Mudi, wanda har an fara maganar aurensa, ya samu aikin zuba wa jirgin mai. Ba aikin ne ya dami Maitama ba. Malam Buba ne, bakaniken jirgin, wani dattijo mutumin Zariya mai yawan dariya.

Maitama bai taɓa kiran sunan yaron da bakinsa ba, don kunyar ɗan fari. Sai dai ya ce "kai" ko "wannan yaron". Ga shi baƙo ya zo jiya jiya, yana kwaɗa "Mudi ɗana" a gaban kowa, suna cin abinci kwano ɗaya. A gida kuwa ba a jin komai sai Malam Buba ya ce kaza, Malam Buba ya hana kaza. Da Maitama ya yi wa matarsa Lauratu ƙorafi, dariya ta yi, ta ce ai sai ya gode wa Allah da ɗansa ya samu mai koya masa sana'a.

Da yake gidansa ne kusa da filin da jirgin ke sauka, a bayan gidan aka ajiye gangunan mai. Malam Buba ya sa aka kwantar da su kan gumagumai, sannan ya juyo a gaban Mudi ya ce, "Maigida, don Allah kada kowa ya tayar da su tsaye."

Bai faɗi dalili ba, Maitama kuma bai tambaya ba. Abin da ya ji kawai shi ne ana ba shi umarni a gidansa, ɗansa yana gyaɗa kai.

Da masu jirgin suka tafi feshi wajen Malumfashi, sai ya tayar da gangunan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su jikin katanga, wai sun tare hanyar rumbu. Ruwa ya yi ta sauka a kwanakin nan, yana kwanciya a saman gangunan har ya rufe murafan. Da ya ji labarin suna dawowa, kunya ta kama shi, ya mayar da su kwance yadda ya same su.

Washegarin dawowarsu Baturen da ke tuƙa jirgin yana sauri, don yana so ya gama kafin hadari. Mudi ya zuba mai, jirgin ya tashi. Ya tsallake ɗorowar bakin rafi ke nan sai ƙararsa ta sarƙe, ta ɗauke. Ya faɗo cikin gonar dawa. Kafin mutane su isa, matuƙin ya cika.

Masu bincike suka zo daga Legas. Babbansu, wani siririn mutum mai tabarau, ya sa aka tsiyayo man da ya rage a injin cikin kwalba, ya ɗaga ta ga rana. Kowa ya ga ruwa kwance a ƙasan man. Daga nan aka sa Mudi a gaba, kullum ana kiransa ana maimaita masa tambayoyi, har ya rame. Maitama yana gani, yana komawa gida da sirrinsa a ciki.

Ranar ƙarshe mai tabarau ya zagaya bayan gidan, ya tsuguna, ya nuna busasshen taɓo a gindin gangunan da zoben tsatsa a samansu. Ya yi bayani ta bakin tafinta cewa an taɓa tayar da su cikin ruwan sama. Idan rana ta gasa ganga sannan ta huce, takan zuƙo ruwan da ke kwance a kanta ta bakin murfi. Ya tambayi wa ya tayar da su, idonsa a kan Mudi.

Malam Buba ya matso ya ce shi ne, kuma shi ya kamata ya gwada man da safen ranar da jirgin ya faɗi bai gwada ba. "Yaron nan ba ruwansa. A bar mini ɗana ya tafi gida."

Mudi ya dubi dattijon, hawaye na zubo masa. Wannan kallon ne Maitama ya kasa jurewa. Mutuwar Baturen ba ta buɗe bakinsa ba, ramar yaron ma ba ta buɗe shi ba.

"Malam, ba ɗanka ba ne," in ji Maitama. "Nawa ne. Gangunan kuma ni na tayar da su."

Mai tabarau ya sa ya maimaita, ya maimaita. Ba a kama kowa ba. An ce Maitama bai san illar abin da ya yi ba, amma Malam Buba ya rasa aikinsa saboda gwajin da ya tsallake. Mudi ya ɗaukar masa akwati har tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa.

Mudi ya dawo gida kuwa, kamar yadda uban ya daɗe yana so. Washegari ya ɗauki fartanya ya bi shi gona. Suka yi ta noma kunya kusa da kunya har rana ta take. Maitama ya miƙa masa goran ruwa, Mudi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefe bai sha ba, ya koma kan aikinsa.