Asabar a Bayan Labule

Abdulhamid ya sake danna rimot ya rage muryar talabijin, har mai karanta labarai ya koma motsa baki kawai. Ya miƙe ƙafa a kan doguwar kujera. Fanka na juyawa da wutar sola, labule a sauke, shayi na tururi a kan ɗan tebur. Tun da ya sayi kujerun nan bara, bai taɓa kwanciya a kansu da rana ba sai yau.

Shi kaɗai ne mai mota a lungunsu na Ƙofar Gayan. Litinin zuwa Juma'a yana ofis, Asabar kuwa ta mutanen unguwa ce: kai amarya, ɗauko buhun masara, raka wani ta'aziyya ƙauye. Bakinsa ba ya iya cewa a'a. Shi ya sa jiya ya shaida wa dattawan da ke zama a ƙofar masallaci cewa zai yi sammakon Kaduna. Ya tura yara gidan kakarsu, don cikinsu ba ya riƙe magana. Da sassafe ya kai motar bayan firamare ya lulluɓe ta, ya dawo ta ƙofar baya.

Matarsa Zakiyya ta ɗaga labule ta leƙo.

"Baban Batul, tun safe nake mayar da masu sallama. Zunubin nan fa raba shi za mu yi."

"Ai ban ce ki rantse ba. Kuma rage murya."

"To, matafiyi. In kawo ruwan alwala? Ƙasaru za a yi ko cikawa?"

Bai yi dariya ba. An kira azahar, ga masallaci nan kusa, amma ba halin fita. Ya yi sallarsa a kan kafet yana jin kabbarar liman. Da tari ya taso masa, sai ya tura fuska cikin filo, domin bango ɗaya ne tsakanin falon da ɗakin Malam Ja'afaru, tsohon maɗinkin manyan riguna wanda ido ya hana shi sana'a. Fenti ne kawai a sama, ƙarƙashi tsohon ginin ƙasa ne na kakanni. Ya kwanta yana kallon ƙwallo ba sauti, ya rasa ko hutu yake yi ko tsare shi aka yi.

Can sai ya ji wani abu mai nauyi ya faɗi a bayan bangon. Salati ya biyo baya. Jim kaɗan Fiddausi, 'yar Malam Ja'afaru, ta faɗo tsakar gida ko sallama babu.

"Anti Zakiyya, Baba ya yanke jiki ya faɗi! Yana numfashi sama-sama. Yaya Abdulhamid bai dawo ba?"

Abdulhamid ya tashi zaune. Ta gefen labule yana hango ƙafafunta, takalmi ɗaya ta sako.

"Ba a samu Keke Napep ba?" in ji Zakiyya.

"An samu, amma ba ya iya zama. Sai dai a kwantar da shi."

Zakiyya ta yi shiru. Ya gane shirun: ta ajiye masa kayan ƙaryarsa, ba za ta ƙara ɗauka ba.

Ya fara lissafi a zuci. In ya ba da makulli wani ya tuƙa, ai motar ma tana Kaduna. In ya ce yanzu ya dawo, ta ina ya wuce dattawan ba su gan shi ba? Mahaifinsa ya yi limanci a masallacin nan, har gobe in ana son yabon mutum sai a ce gaskiyarsa kamar ta marigayi. Wata zuciyar ta ce masa ai za a samu wata motar a bakin titi, rai kuma na Allah ne. Ya lura maganar ta yi masa daɗi da yawa, abin da ya tsorata shi ke nan.

Ya ɗauki makulli ya ɗaga labulen.

Fiddausi ta dube shi, ta dubi singiletin jikinsa. Ya zura riga ya bi ta zaure, ya ratsa lungun da gudu ta gaban dattawa ya je ɗauko motar. Babu wanda ya tambaye shi. Biyu ma suka tashi suka taya ɗauko tsohon a kan tabarma zuwa bakin titi.

Sun wuce ganuwa ke nan Malam Ja'afaru ya buɗe ido, kansa a cinyar Fiddausi.

"Abdulhamid ne?"

"Ni ne, Baba. Sannu."

"Ya hanya?"

Ya damƙe sitiyari. "Lafiya lau, Baba."

"Madalla." Tsohon ya ja numfashi da ƙyar. "In ka sake tafiya Kadunan, ka riƙa ƙara mana murya kaɗan. Yau duk na kasa kunne a bango, ban ji labarai ba."

Abdulhamid bai waiga ba. Ya danna ham, ya ƙara wuta.