Curin Jaridun Mushe Yasin

Shekara talatin da ɗaya Mushe Yasin ya yi yana koyarwa a lekol, wato makarantar boko, a Matameye, inda ake ce wa malami Mushe, kuma bai taɓa yar da jarida ba. Direbobin motar Damagaram ne ke kawo masa su, wani lokaci sai sun yi mako da fitowa daga Yamai. Bayan la'asar yakan ɗauki kujerarsa zuwa ƙofar shagon abokinsa Ɗan'azumi tela, ya karanta da Faransanci, ya juya wa mutane da Hausa. Ɗan'azumi yana taka keken ɗinki yana gardama da kowane labari.

Majalisar nan ta daɗe da watsewa. Wasu sun rasu, sauran kowa ya sami labarai a salularsa. Ɗan'azumi idonsa ya mutu, ƙanensa ya zo ya tafi da shi Dungu. Bara da damina kuma Habi, matar Mushe Yasin, ta kwanta kwana shida ta cika. Gidan ya rage daga shi sai ɗaki guda cike da jaridu, an ɗaure su shekara-shekara da igiyar kaba.

Da ɗari ya shigo, 'yarsa Anisa ta kira shi daga Damagaram, inda take aure.

"Baba, na ji kana tari. Kana hura wuta da safe kuwa?"

"Gawayi ya yi tsada, Anisa. Kuma mutum guda, wa zan hura wa?"

"Kanka mana. Baba, ga takardu nan sun cika ɗaki. Na ga yadda ake yi, a jiƙa su, a daka, a cura, a shanya. Ci suke kamar itace."

"Jaridun nawa?"

"To wa zai sake karanta su?"

Sai ya ce ta gaida mijinta da yara. Kwana biyu bayan haka ya buɗe ɗakin don ya duba su kawai. Da ya ɗaga ɗaurin da ke can ƙasa, sai ya zube a hannunsa kamar gari. Gara ta cinye shekara huɗu cur bai sani ba. Ya daɗe a tsugune yana kallon wurin, sannan ya tashi ya jawo babban bahon wanki.

Ya yayyaga takardun ƙanana ya zuba ruwa. Da farko aikin bai yi sauri ba, domin duk shafin da ya ɗauka sai ya tsaya karantawa. Daga baya ya cire tabarau ya sa a aljihu, sai hannunsa ya sake. Bayan kwana uku takardun suka yi laushi kamar ƙullu. Ya mirgino turmin Habi daga inda aka kife shi, ya kama daka.

Bai yi luguden kirki ba sai ga kan maƙwabciyarsa Sadiyya ta saman katanga.

"Subhanallahi! Baba, kai ne da taɓarya? Na ji daka a gidan nan, gabana ya faɗi."

"Ni ne, 'yar nan. Ba hatsi ba ne, takarda ce."

"Kawo in daka maka."

"Bar shi. In kin karɓe, me zan yi da yinin?"

Ta sauka. Can anjima ta miƙo masa ƙwarya cike da ƙaiƙayin gero, ta ce ya gauraya, zai fi kama wuta.

Ya huda gindin gwangwanin tumatir da ƙusa, yana cusa ƙullun a ciki, yana dannawa da guntun katako har ruwan ya tsiyaye baƙi ƙirin da tawada. Ya jera curin a kan rumfa. Na farkon da ya gwada bai gama bushewa ba, hayaƙi ya kore shi tsakar gida yana tari yana hawaye. Ya ƙara musu kwana biyar a rana. Ran da ya sake gwadawa bayan sallar asuba, curi biyu suka kama a kasko, suna ci a hankali, ɗakin ya ɗumama. Ya juya zai ce wani abu, sai ya tuna ba kowa. Ya miƙa tafin hannunsa ga wutar har ta mutu.

A nan ne Ɗan'azumi ya faɗo masa a rai, mutumin da ko da bazara yake kukan sanyin gwiwa. Shekara biyu ke nan bai je ya gan shi ba, kullum sai ya ce gobe. Ran kasuwa ya cika buhu da curi arba'in, ya shiga motar safe mai zuwa Dungu.

Matar ƙanen Ɗan'azumi ce ta tarbe shi. Bayan gaisuwa ta rage murya.

"Mushe, sai ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Tun kaka ba ya gane mutane."

Ya same shi a zaure, zaune kan buzu, an lulluɓe shi da bargo biyu. Ya rame ƙwarai. Mushe Yasin ya yi sallama, ya kama hannunsa.

"Ɗan'azumi, ni ne Yasin."

"Sannu da zuwa, baƙo. An ba ka ruwa?"

Ya sake faɗin sunansa da ƙarfi, kusa da kunnensa. Tsohon ya gyaɗa kai kawai, irin na ladabi. Mushe Yasin ya nemi kasko da garwashi, ya ɗora curi uku, ya yi ta fifitawa har suka kama. Ɗan'azumi ya matso, ya fito da gwiwoyinsa daga bargo.

"Kai, madalla. Wannan wuta ba ta da gaggawa. Daga ina kake, baƙo?"

"Daga Matameye."

"Matameye! To ka san Mushe Yasin, mai karatun jarida?"

Mushe Yasin ya gyara curin da tsinke kafin ya amsa. "Na san shi."

"Mutumin kirki, sai dai taurin kai. Duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne a wurinsa. In ka koma ka gaishe shi. Ka ce masa ya yashe ni."

"Zai ji, in sha Allahu."

Suka zauna har azahar. Ɗan'azumi ya yi ta ba shi labarin shagonsa da mutanen da ke zama a ƙofa, yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, bai kuskure ko guda ba. Daga baya barci ya ɗauke shi a zaune.

Mushe Yasin ya nuna wa matar gidan yadda ake hura curin, ya ce kada a bari su sha raɓa. Ta tambaya ko zai dawo. Ya ce kasuwa mai zuwa, in da rai, kuma zai kawo wani buhun.

Motar komowa ba ta cika ba sai bayan la'asar. Ya zauna kusa da taga, buhun da ya zazzage a naɗe kan cinyarsa. Wani fasinja ya tambaye shi ko lafiya ya ga idonsa ya yi ja. Ya ce hayaƙi ne.