Igiyar Linzami Mai Santsi

A rumfar baduku na zaɓi igiyar linzami mai laushi. Ya ce, "'Yata, gumi zai sa ta santsi." Yayana ya yi dariya: "Bar ta, 'yar gayu ce." Kunya ta hana ni canzawa.

A hanyar gona wata mota ta danna hon, goɗiyar da nake kai ta zabura da ni. Tafina ya jiƙe, igiyar na sulluɓewa, ga rami a gaba.

Yaya ya ƙwalla daga baya, "Kar ki naɗa a hannu! Ja gefe ɗaya!"

Na damƙe da hannu biyu na ja hagu. Ta juya, ta tsaya tana huci a bakin ramin. Yaya ya ce in sauko, sai da ya ƙaraso ya kama ni na sauka.