Baƙi Sittin na Mai Labule

Mai Labule ta yi wa kanta alkawari, kuma ita ba ta iya yi wa kanta sassauci ba: in wata ya ƙare shafin da ta buɗe a intanet bai kawo mata ko mai saye ɗaya ba, za ta lulluɓe keken ɗinkinta ta koma aikin ofishin da ta bari ko waiwaye ba ta yi ba. Abin da ya hana ta karaya tun tuni wani ɗan ma'auni ne a ƙasan shafin, wanda kullum yake ce mata baƙi sittin sun shigo. Sittin fa, amma ko mai taya yadi ɗaya babu.

Ƙanwar mijinta, wadda ake kira Injiniya saboda ita ke gyara wayar kowa a dangi, ta zo shagon da hantsi, ta ture almakashi da ƙyallaye ta ɗora kwamfuta a teburin yanka. Ta ce wannan ma'aunin buɗe ƙofa kawai yake ƙirgawa, bai san ko mutum ɗaya ne ke shiga yana fita ba. Sai ta nuna mata manhaja biyu ta zaɓa. Ɗaya tana ɗaukar motsin yatsan mai ziyara kamar bidiyo, har abin da ya rubuta ya goge. Ɗayar kuwa iyakarta ta faɗi mutum nawa suka zo, da wace irin waya, da inda suka tsaya suka juya. Injiniya ta farkon take so, don ita duk abin da ya fi maɓallai yawa shi ya fi burge ta. Mai Labule ta ce shekara goma tana ɗinka abin da zai hana a leƙa ɗakin mutane, ba yau za ta fara leƙe ba. Aka sa ta biyun.

Bayan mako ɗaya gaskiya ta fito, ba ta kuma yi daɗi ba. Baƙi sittin ɗin nan mutum tara ne. Takwas suna zuwa su zaɓi labule, su kai wurin sa awon taga, su ɓace. Na taran shi kaɗai yake shiga sau hamsin, safe da yamma, da wata tsohuwar waya. Mai Labule ta daɗe tana kallon sunan wayar. Ita da kanta ta saya wa babanta irinta shekara uku da suka wuce, yana ta mitar an kawo masa wahala.

Ta same shi a kan bencin ƙofar gida, tabarau a kan hanci, babban yatsansa na tsohon direba yana buɗe shafin yana rufewa. Da ya gan ta sai ya kife wayar a cinya. Ta zo da fushinta, don wata biyu ke nan tana gina buri a kan yatsan mutum ɗaya, amma ganin yadda ya kife wayar nan ya sa fushin ya zube. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta sani.

Ya ce ya ji ta faɗa wa mamanta lambar nan ce ke ba ta ƙarfin buɗe shago, shi kuma ba shi da wani aiki. Sannan ya miƙo mata wayar.

"Tunda an kama ni, bari in faɗa. Wurin sa awon nan ba ya dannuwa a waya. Na so in saya don ɗakin mamanki, ya ƙi."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar farko. In na faɗa ai kin gane ni ne."

Ta yi dariya har da hawaye, ba ta kuma ɓoye su ba. Ita da Injiniya a kwamfuta kaɗai suka taɓa gwada shafin, mutanen nan takwas kuwa duk da waya suke zuwa.

Gyaran bai ci Injiniya minti ashirin ba. Kwana huɗu kafin wata ya ƙare wata mata ta aiko da awon tagogi uku, kashegari wani mai ɗakin aski ya biyo baya. Mai Labule ta gode wa Allah, ta gode wa Injiniya har sai da ta ce ya isa haka, sannan ta fasa lulluɓe keken.

Injiniya ta ce akwai yadda ake cire waya ɗaya daga lissafi don lambar ta faɗi gaskiya, amma tana jin nauyin ta goge tsoho bayan duk wannan ɗawainiya. Mai Labule tana kan sa zare a allura, ba ta ɗago ba.

"Cire shi daga lissafin baƙi," ta ce. "Ai Baba ba baƙo ba ne."